Ban karanta likitanci ba, akwai gurbina a binciken lafiyar al'umma?

Wata ɗaliba ta rubuto mini tana cewa: "Malam, na yi digirin farko a fannin labarin ƙasa, bara na gama bautar ƙasa. Ina son yin digiri na biyu a binciken lafiyar al'umma, irin wanda ake cewa yana haɗa fannoni daban-daban. Kawuna ya ce wannan hurumin likitoci ne da nas-nas, kada in ɓata kuɗi da lokaci. Shin akwai gurbina a ciki? Kuma mene ne ainihin wannan haɗa fannonin, ba tsintar kaɗan-kaɗan daga ko'ina ba ne mutum ya fito bai iya komai ba?"

Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Akwai gurbinki, kuma babba ne. Kawu bai faɗi haka don ƙeta ba. A garuruwanmu idan aka ce "lafiya", abin da ke zuwa a zuciya shi ne asibiti, farar riga da allura. Amma aikin likita a ɗakin duba marasa lafiya daban, aikin mai binciken lafiyar al'umma daban. Likita yana tambaya, me ya sami wannan yaron da ke gabana, yaya zan warkar da shi? Mu kuma muna tambaya, me ya sa yaran wannan yankin suke mutuwa fiye da na wancan? Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. A Arewa maso Yamma adadin 187 ne, a Kudu maso Yamma 62. Ƙasa ɗaya, maleriya ɗaya, gudawa ɗaya, amma tazarar ta kai ninki uku. Ba za a gano dalilin wannan tazara da abin awon ƙirji ba. Tana cikin nisan ƙauye da asibiti, cikin karatun uwa, cikin rijiyar da ake sha, cikin abin da ya rage a rumbu a watan Agusta, cikin wanda ke da ikon cewa a fita da mara lafiya da tsakar dare. Kowanne daga cikin waɗannan akwai fannin ilimin da ya ƙware a kansa, kuma ba a koyar da yawancinsu a makarantar likitanci.

Bari in kai ki Zamfara, don a nan ne na fi son ɗalibaina su fara. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar sanƙarau suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da jijjiga da suma, kuma maganin maleriya da na sanƙarau ba sa yi musu aiki. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu. Likitoci suna da maganin da ke fitar da dalma daga jiki, amma sun san in aka ba yaro magani aka mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, an yi aikin baban giwa. Dole aka nemo masana duwatsu da ƙasa su gano cewa dutsen zinariyar yankin na ɗauke da dalma mai yawa. Dole aka shiga gidaje aka ga yadda ake daka dutsen a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Injiniyoyin muhalli suka auna ƙasar gida-gida, aka kankare ta sama aka zuba sabuwa, a Dareta da 'Yargalma da sauransu, Bagega kuma sai a 2013. Sannan ga tambayar da ta fi kowacce wuya: mutumin da noma bai riƙe shi ba, ga farashin zinariya ya tashi, yaya za ka ce masa ya bari? Hana haƙar kawai yana mayar da aikin cikin ɗaki a ɓoye, wanda ya fi muni. Sai da aka zauna da masu haƙa da masu unguwanni a kan fitar da aikin bayan gari. Ki ƙirga mutanen da wannan masifa ɗaya ta buƙata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma horon da kike tambaya a kai an ƙirƙiro shi ne don a samar da mutanen da za su iya zama a irin wannan tabarma su fahimci juna.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani gagarumin bincike kan maleriya a Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu Jigawa. An fesa maganin sauro a bangon ɗakuna, an raba magani ga jama'ar ƙauyuka, an riƙa ɗiban jini ana dubawa shekara da shekaru. Masana ƙwari suna kama sauro da dare suna ƙirgawa, masana lissafi suna gina tsarin da zai yi hasashen yadda cutar ke yaɗuwa. Sakamakon ya nuna cewa cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, kuma ta dawo bayan an daina. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon da aka fesa, a waje yake hutawa. Likita shi kaɗai ba zai gano wannan ba, mai lissafi shi kaɗai ba zai san abin da zai saka a lissafinsa ba. Har gobe masu nazarin maleriya a duniya suna komawa ga bayanan Garki. Yana damuna ƙwarai cewa ɗalibanmu da yawa, har 'yan Jigawa, ba su taɓa jin labarin ba.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce mai nauyi. Tsoronki yana kan hanya. Na ga ɗaliban da suka fito daga irin wannan karatu sun zama 'yan koli, kowane kaya akwai kaɗan a faifai, amma babu abin da za a damƙa musu a juya baya. An ɗanɗana musu ƙididdiga na mako shida, an ɗanɗana musu ilimin zamantakewa na mako huɗu, sun haddace kalmomin Turanci masu daɗin faɗa a taron bita. Wannan ba shi ne manufar ba. Horon ƙwarai yana barin ki da gidanki, wato fannin da kika yi zurfi a ciki, sannan ya koya miki harshen maƙwabta har ki iya gane lokacin da suke da gaskiya da lokacin da suka yi kuskure. Ke mai labarin ƙasa ce, ki ci gaba da zama haka, ki ƙara ƙwarewa a taswira da nazarin wuri har ya zama in ana maganar a ɗakin ke ake kallo. Abin da za ki ƙara a kai shi ne ilimin yaɗuwar cututtuka, ƙididdiga, ilimin ƙidayar jama'a, da sanin yadda ake zama da mutane a saurare su.

Kada ki raina abin da kika zo da shi. Yaƙin shan inna a Arewa ya daɗe yana tafiya da taswirorin da ake zanawa da hannu, kuma rugage da ƙananan ƙauyuka da yawa ba sa ciki, don haka masu rigakafi ba sa zuwa. Da aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan Adam, aka kuma ba ayarin masu ɗiga magani wayoyin da ke nuna inda suka taka, sai ga wuraren da aka yi shekaru ana tsallakewa sun fito fili. Wannan aikin 'yan fanninki ne. Shi kansa sanƙarau, ɗamararsa, wato yankin da ya fi addaba, da ta ratsa daga Senegal zuwa Habasha al'amari ne na wuri da yanayi: rani, ƙura, bushewar iska, cunkoson ɗaki.

Shan innar ma ya koya mana ɗaya darasin. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi saboda zargin da ya bazu cewa yana hana haihuwa, sai a 2004 aka dawo, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Wanda ya tsaya a kan cewa jahilci ne kawai bai fahimci komai ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, wanda wani kamfanin magunguna ya yi a kan yara masu sanƙarau, aka kuma zarge shi da yin sa ba tare da cikakken izinin iyaye ba. Kuma tambayar da iyaye ke yi tana da ma'ana: me ya sa ake bin mu har gida da wannan ɗigon kyauta, alhali in ɗana na zazzaɓi na je asibiti sai na sayi komai? Sai da aka saurari wannan, aka shigo da sarakuna da malamai da matan unguwa, kafin a kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, wato asalin ƙwayar cutar.

Ni ta ƙofar ƙididdiga na shigo wannan fage, kuma akwai ranar da ba na mantawa. Muna aikin tattara bayanai a wani ƙauye, ina zaune a zaure ina duba takardun da 'yan matan da muka horar suke fitowa da su daga cikin gidaje. Wata takarda ta nuna mace mai kimanin shekara 35 ta haifi biyar, duka suna raye. Tazarar da ke tsakanin aurenta da haihuwar farko ta kai shekara shida, sannan akwai wani giɓin na shekara biyar a tsakiya. Na ce wa mai tambayar ta koma. Wata dattijuwa cikin ayarinmu, wadda ta yi karatun zamantakewa, ta ce a bari ita ta shiga. Ta zauna, ta sha ruwa, ta taya matar tsince wake, suka yi hirar damina. Ta fito da haihuwa takwas. Ɗan fari yana raye, yana ma gidan, amma matar ba ta ambace shi ba saboda alkunya. Biyu kuma sun koma kafin suna, kuma a wurinta jaririn da ba a raɗa wa suna ba, ba a sa shi a lissafi, ballantana ga baƙuwa mai riƙe da biro. Ki duba abin da wannan ke nufi: mutuwar makon farko ita ce muke nema ruwa a jallo, kuma ita ce ta fi saurin ɓacewa daga takarda. Da na shigar da biyar ɗin nan a kwamfuta, da lissafina ya fito tsaf, babu mai ganin aibinsa, kuma ƙarya ne. Daga ranar muka sake fasalin tambayar, muka daina cewa "'ya'ya nawa gare ki", muka koma bin ciki ɗaya bayan ɗaya, muna ɗaure shekaru da azumi, da babbar salla, da shekarar ambaliya. Ita kuma dattijuwar, a wurina ta koyi dalilin da ya sa hirar gida goma ba ta isa a ce "matan yankin nan kaza suke yi" ba. Abin da ake nufi da haɗa fannoni ke nan idan ya sauko ƙasa.

Game da inda za ki nema. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar ACEPHAP, wadda aka kafa ƙarƙashin shirin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa, kuma aikinta shi ne lafiyar al'umma da tsara manufofi, da digirori a ɓangarori irin su lafiyar uwa da yaro da abinci mai gina jiki. Farfesa Hadiza Galadanci ta wannan cibiya tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. An shimfiɗa wata leda mai ma'auni ƙarƙashin mai haihuwa don a ga yawan jinin da ya zuba maimakon kintace da ido, aka kuma haɗa matakan tsayar da jinin a yi su lokaci guda. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Likitocin mata ne a gaba, amma a bayansu akwai masu ƙididdiga, da masu hira da ungozomomin asibiti don a gane abin da ke hana su aiki, da masu lissafin kuɗin da abin zai ci. Sassan koyar da lafiyar al'umma na Zariya da Sakkwato da Ibadan su ma suna ba da digiri na biyu. Jami'ar Ife tana da sashe na ilimin ƙidayar jama'a, haka cibiyar RIPS a Legon ta Gana tana koyar da shi, ga takwararta IFORD a Yawunde ta Kamaru ga mai jin Faransanci. A Yamai akwai LASDEL, inda masana zamantakewa suka daɗe suna nazarin abin da ke faruwa a zahiri tsakanin ma'aikacin asibiti da mara lafiya. Shirin NFELTP na horar da masu bin sawun annoba, da aka fara a 2008 tare da jami'o'in Zariya da Ibadan, wanda ɗalibansa suka yi aikin bin sawun Ebola a Legas a 2014, an gina shi ne domin likitocin mutane da na dabbobi da masu gwaje-gwaje, don haka ba nan ce ƙofarki ta farko ba. In Allah ya kai ki digiri na uku kina koyarwa, ki san da shirin CARTA mai cibiya a Nairobi, wanda ke tara ɗalibai daga fannoni daban-daban a aji ɗaya, kuma Ibadan da Ife suna ciki.

Inda maganar Kawu take da ƙamshin gaskiya shi ne nan: wasu makarantun suna fifita masu shaidar aikin lafiya wajen ɗaukar ɗalibai, kuma sharuɗɗan suna canzawa. Ki karanta sanarwar shekarar da kanki, ki je sashen da ƙafarki ki tambaya. In wata ƙofa ta rufe, digiri na biyu a ƙidayar jama'a, ko ma a fanninki da kundin bincike kan lafiya, hanya ce da ke kaiwa wuri ɗaya.

Idan kin je, kada ki tsaya kan sunan digirin. Ki tambayi su wa ke koyarwa: in duk daga sashe ɗaya suke, haɗa fannonin a takarda kawai yake. Ki tambaya ko ana yarda ɗalibi ya sami masu duba aiki biyu daga sassa biyu. Ki nemi ganin kundayen waɗanda suka gama. In kin tarar kusan duka iri ɗaya ne, an raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari uku a harabar asibiti an tambaye su me suka sani game da cuta kaza, to ki yi tunani sau biyu. Irin wannan kundin ya yi mana yawa, kuma ban taɓa ganin ya sauya komai a rayuwar kowa ba. Ki tambaya ko ɗalibai na taɓa bayanai na gaske da hannunsu, ko suna kwana a ƙauye. Sannan ki tambayi tsofaffin ɗalibai shekara nawa suka yi kafin su fita, don wannan ba ya cikin sanarwa.

Akwai wahalar da ya kamata ki shirya mata. Masu duba aiki biyu alheri ne, amma wani lokaci ɗaya zai ce mutanen da kika tambaya sun yi kaɗan, ɗayan ya ce kin cika lambobi kin bar mutane. Ranar kare kundi za a iya kawo mai jarrabawa daga waje wanda fanni ɗaya ya sani, ya auna ki da mudunsa. Tsarin jami'o'inmu da na ɗaukar aiki har yanzu sashe-sashe yake, kuma za a tambaye ki, ke 'yar wane sashe ce? Maganin duk wannan shi ne tambayar bincike mai kaifi. In tambayarki ita ce, nisan tafiya nawa ne ke sa mace ta haƙura da zuwa awon ciki a ƙananan hukumomi uku na jiharku, kuma yaya damina ke sauya wannan nisan, to tambayar ce da kanta za ta nuna cewa kina buƙatar taswira, kina buƙatar ƙididdiga, kina kuma buƙatar zama da matan da mazajensu da masu babur ɗin haya. Ki sa masu duba aikin naki su zauna tare, da ke a wurin, tun kafin ki fita fili, a rubuta abin da aka amince. Kuma kada ki ɗauki izinin kwamitin ɗa'ar bincike a matsayin takardar cika sharaɗi. Mu da muka san abin da ya faru a gwajin Trovan na 1996 mun fi kowa sanin dalilinsa.

Lissafi kuwa ba makawa. Ba sai kin zama gwana ba, amma dole ki kai inda za ki kalli jadawali ki gane ko yana faɗin abin da marubucin ya ce yana faɗa. Na sha ganin 'yan mata masu kaifin basira suna ba wani kuɗi ya yi musu "analisis", su karɓi sakamakon da ba za su iya karewa ba. Kada ki yi wa kanki haka. Manhajar R ta ƙididdiga kyauta ce, QGIS ta zana taswira kyauta ce, KoboToolbox da ake tattara bayanai da ita a waya ita ma haka. Rahoton binciken 2018 da na ambata yana intanet, bayanan binciken MICS na 2021 kan halin mata da yara da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF ana samunsu bayan rajista, taswirorin matsugunai da cibiyoyin lafiya na shirin taswira na GRID3 su ma a buɗe suke.

Kafin a buɗe neman gurbi, ga aikin da zan ba ki. Ki ɗauki ƙaramar hukumarku, ki sauko da taswirar ƙauyukanta da ta asibitocinta, ki ɗora ɗaya kan ɗaya, ki fitar da ƙauyukan da suka fi kilomita biyar daga asibiti mafi kusa. Sannan ki zaɓi biyu cikinsu, ki nemi izinin mai gari, ki je tare da wata babba daga gidanku, ki tambayi matan ina suke zuwa in ciwo ya tashi da dare, da wace hanya, da nawa. Za ki iya tarar da cewa asibitin da taswira ta nuna kusa akwai rafi a tsakani da ba ya ƙetaruwa daga Yuli zuwa Satumba, ko kuma ba kowa a cikinsa bayan la'asar. Ki rubuta abin da kika gani a shafi uku, ki haɗa da taswirar, ki tafi da su ranar ganawa da malaman sashen. Ki nuna wa Kawu ma, ki gaishe mini da shi.